Sukurun Da Bai Zauna Ba

Jar fitilar teburin ƙarshe ce ke ta ƙyaftawa, can kusa da ƙofar gefe, lokacin da ta saɓa jakar kayan aikinta ta ratsa tsakanin layukan ma'aikata. Sabuwar zuwa ce a masana'antar, an ɗauke ta ne don ta riƙa kula da bindigogin ɗaure sukuru. Ba na harbi ba ne, sukundireba ce ta lantarki mai waya haɗe da kwamfuta, amma kowa a wurin bindiga yake ce mata. Idan kan sukuru ya zauna daram a kan murfi, sai ta tsaya da kanta ta kunna koriyar fitila. Idan wani abu ya saɓa, sai ja.

Akwatunan roba suke haɗawa, irin waɗanda ake ratayewa a jikin sandar fitilun sola na titi. Kayan wuta na ciki, a bakin murfi kuma akwai zoben roba mai hana ruwa shiga.

Mai teburin dogon saurayi ne, riƙe da bindigar a hannun hagu. Yana ganinta ya ja da baya.

"Sannu da aiki. Me ya same ta?" ta tambaya.

"Tun safe take min ja, kamar mun kwana da faɗa."

Ta karɓa ta juya bakin ta duba. Ƙarfen da ke shiga kan sukuru ya cinye, zamewa yake yi. Ta zare shi ta sa sabo, ta ɗaura sukuru ɗaya. Kore.

"Ashe likita aka kawo mana," ya ce.

"Ni ba likita ba ce."

"Ina tsaye mara lafiya ta warke a hannunki, ki ce min ke ba likita ba ce?"

Ta danne dariyarta ta juya. Tana jin idonsa a bayanta har ta sha kwana. Daga ranar sunan ya bi ta, duk masana'antar Likita ake ce mata. Shi kuwa dama Bahago kowa ke kiransa, kuma yana amsawa da fara'a.

Bayan nan sai bindigar teburin ƙarshe ta zama mai yawan laulayi. Ta zo ta duba, ba ta ga komai ba. Ta sake zuwa, lafiya ƙalau.

"Malam, ka daina ɓata min lokaci," ta ce rannan, tana haɗe fuska.

"To ki ba ni lambarki, sai in riƙa ɓata miki shi bayan an tashi aiki."

Ta ba shi. Ita kanta ta yi mamakin saurin da ta yi.

Da yamma tana cikin bas saƙo ya shigo: "Likitata, yau bindiga lafiyarta lau, mai bindigar ne ba shi da lafiya. Akwai magani?"

Ta rubuta: "Ka sha ruwa ka huta, gobe akwai aiki."

"Na karɓa, tunda daga hannunki ya fito. Amma ciwon nan ba na jin zai warke."

Ta kife wayar a cinya tana murmushi har matar da ke gefenta ta kalle ta.

Suka fara cin abincin rana tare a bencin bayan sito. Shi mai surutu ne da ban dariya, ita mai sauraro. Yakan ajiye mata gefen inuwa, in ta makara ya rufe mata kwanonta da hularsa. A hankali "Malam" ya koma "Bahagona", kuma ba ta san ranar da hakan ta faru ba.

Wata ranar hutu ya kai ta gidansu. Mahaifinsa tsohon tela ne, ciwon ƙirji ya zaunar da shi a kujera kusa da taga. Shi ma bahago ne, da hagu ya nuna mata wurin zama.

"'Yata, kin ga hannun nan?" ya ce, yana kama hannun ɗansa. "Yana ƙarami an so a karya masa shi a makaranta, wai sai ya rubuta da dama. Na je na ce a bar min ɗana. Ni da hagu na yi ɗinkina har na tsufa, ba a taɓa dawo min da riga an ce ta warware ba. Shi ma haka na koya masa."

Mama, mahaifiyarsa, ta fito daga kicin tana cewa, "Ka fara ke nan, za ka kori baƙuwa da labarin hannu." Ta riƙe Likita ta zaunar da ita kusa da ita, ta yi ta cusa mata abinci har sai da ta roƙa a ƙyale ta.

A gidan su Likita kuwa ba haka aka karɓi maganar ba. Babanta tsohon malamin makaranta ne, mutum mai magana a hankali amma ba ya janyewa.

"Auta, duk karatun da kika yi, mai ɗaure sukuru kika gano?"

"Baba, mutumin kirki ne."

"Ban ce ba mutumin kirki ba ne. Kirki daban, riƙon gida daban. Ga ɗan abokina nan a wurin aikinku, shugaban masu duba kaya, tun yaushe yake zuwa gaishe ni? Kina tsammanin don ni yake zuwa?"

Ta san wanda yake nufi. A masana'anta Mai Jar Biro ake ce masa, saboda duk akwatin da bai yi masa ba da jar biro yake zana masa giciye. Ba mugu ba ne, mutum ne mai tsafta da son tsari, kuma ya daɗe yana nuna mata yana ciki. Ita ce ba ta ba shi fuska ba.

A wurin aiki ma an fara ƙananan maganganu. In ta wuce sai ta ji ana cewa, "Mu bindigarmu sai ta mutu kafin a zo, teburin ƙarshe kuwa ko atishawa ta yi ga Likita." Abin yana ci mata rai. Ita kaɗai ce mace a sashen gyara, kuma ta sha wuya kafin su yarda ta san aikinta.

Sai damina ta sauka, akwatuna suka fara dawowa. Ruwa ya shiga ciki, kayan wuta sun ƙone, tituna sun yi duhu, masu saye suna ta waya. Da aka duba, sai aka ga kan sukurun bai zauna ba. Saura ɗan ƙiris, kamar kaurin farce, amma ya isa ya hana murfin danne zoben roba. Kowane akwati da lambarsa, kuma lambobin duk teburi ɗaya suka nuna.

Manaja ya ce a gwada bindigar. Likita ta kwance ta ta kai ɗakin gyara. Ta ɗora ta a ma'auni, ƙarfin juyinta daidai. Ta ɗebo akwatuna daga babban sito ta yi ta ɗaurawa, kowane sukuru ya zauna, kowace fitila kore. Ta buɗe bayanan kwamfuta na watannin baya, ta bi sakamakon ƙarshe na kowane ɗauri, duk kore. A nan ta tsaya. Kwamfutar tana ajiye zanen yadda ƙarfi ke hawa tun daga farkon juyi har ƙarshe, amma ba ta buɗe shi ba, don a ganinta ta riga ta sami amsa.

Aka kira taro a ofishin manaja. Bahago na tsaye kusa da ƙofa, hularsa a hannu.

Mai Jar Biro ya ce, "Mariƙin bindigar nan don masu amfani da dama aka yi shi. Mai hagu dole ya karkata ta. In ta karkata, sukuru zai cije kafin ya kai."

Likita ta san zato ne kawai, ba wanda ya gwada.

Manaja ya juyo gare ta. "Ke me kika gani?"

Duk idanu suka dawo kanta. Ta hango shugaban layi yana taɓa na kusa da shi da gwiwar hannu, suna jiran su ga yadda za ta kare saurayinta.

"Bindiga lafiyarta ƙalau, na gwada ta," ta ce. Da ta tsaya a nan, da ta faɗi iya abin da ta sani. Amma sai ta ƙara da cewa, "In akwai matsala, daga hannun mai riƙe ta ne."

Ba wanda ya tambaye ta wannan.

Manaja ya dubi Bahago. "Kana da magana?"

Bahago bai kalle ta ba. Hannunsa na hagu ya buɗe yana kallo, kamar yau ya fara ganinsa.

"In Likita ta ce haka, to haka ne, ranka ya daɗe. Ta fi ni sani."

A ranar aka sallame shi.

Ta tura masa saƙo tun kafin ta bar masana'antar: "Bahagona, don Allah ka yi haƙuri. Abin da na gani na faɗa. Mu haɗu mu yi magana."

Sai washegari ya amsa: "Ban ga laifinki ba. Ni ma na yarda ni ne. Babanki ya yi gaskiya, ki nemi wanda ya dace da ke. Ki kula min da kanki."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira, haka. Sai fushi ya zo ya zauna a kan kunyarta, ta ce a ranta ai ba ita ta ɗaura sukurun ba, ta daina nema.

Abin da ya ƙara ɗaure ta shi ne, yana tafiya matsalar ta ɗauke ɗif. Aka sa wata dattijuwa mai amfani da dama a teburin, ko akwati ɗaya bai sake dawowa ba. Kowa ya ce ga shi nan. Manaja har yabonta ya yi a gaban mutane, ya ce ta nuna aiki ya fi son rai. Ta yi godiya, ta shiga ɗakin gyara ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba.

Mai Jar Biro ya fara zuwa gidan su Likita a kai a kai. Baba na murna, Umma na gyara falo. Likita takan fito ta zauna, ta amsa abin da aka tambaye ta. Ba ta ce tana so ba, ba ta ce ba ta so ba. Abincin rana kuwa a ɗakin gyara take ci, ta daina bi ta bayan sito.

A bakin wani direban masana'antar ta ji tsohon tela ya rasu, har an yi kwanaki. Ta shirya ta shiga bas, ta sauka a bakin layinsu. Tana hango ƙofar gidan ƙafarta ta ƙi gaba. Ta tsaya kusa da shagon mai gyaran keke kamar mai jiran wani, daga baya ta juya.

Ta rubuta: "Yanzu na ji. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri."

Ya amsa: "Amin. Na gode."

Shi ke nan.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya ɗaya daga cikin masu duba kaya ta zo ɗakin gyara da akwati a hannu. Ta zura siririn ƙarfen gwaji a ƙarƙashin kan sukuru, ya shige, alamar kan bai zauna ba.

"Daga wane teburi?" Likita ta tambaya.

"Na ƙarshe."

Ta tafi da kanta. Dattijuwar na riƙe da bindigar a hannun dama, a miƙe sak. Likita ta karɓa ta ɗaura da nata hannun. Fitila ta yi kore, sukuru bai zauna ba.

Wannan karon ta buɗe zanen gaba ɗaya. A ɗauri mai kyau, layin yakan ɗan hau da farko yayin da sukuru ke yanka wa kansa hanya a cikin roba, sannan ya kwanta, sai can ƙarshe ya miƙe tsaye lokacin da kan ya taɓa murfi. Wannan miƙewar ita bindiga ke jira. Amma a waɗannan akwatunan, hawan farkon ya yi tsayi har ya ƙetare iyakar da aka sa mata. Sai bindigar ta ɗauka kai ya riga ya zauna, ta ƙara ɗan juyi, ta tsaya, ta kunna kore.

Me zai sa sukuru ya sha wuya haka tun a hanya? Ta auna ramukan. Sun fi na sauran akwatunan matsewa. Ta bi keken da ke kawo su ta ƙofar gefe, ya kai ta wurin ƙaramin injin zuba roba da ke bayan gini.

"Wannan injin kayansa ina suke zuwa?" ta tambayi mai kula da shi.

"Teburin ƙarshe kawai, shi ya fi kusa. Ba sa shiga babban sito."

"Kullum yana aiki?"

"Ina fa. Ai ya daɗe a kwance, tun tsakiyar damina, ana jiran kayan gyara. Makon nan muka tayar da shi."

Tsakiyar damina, daidai lokacin da aka sallami Bahago. Ta dafa bango.

Ta koma ta nemo tsofaffin zanen lokacin Bahago, ta jera su da na yau a allon kwamfuta. Kamar an kwafa. Suna nan tun ranar taron, danna maɓalli ɗaya ne tsakaninta da su. Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa tsakanin akwatunan kayan aiki, ta toshe bakinta da hannu don kada a ji ta.

Gyaran bai ɗauke ta wani lokaci ba, kuma wannan ma ya ƙara mata ciwo. Ta saita bindigar kada ta fara neman zaman kai sai sukuru ya yi juyin da zai kai shi kusa da murfi, kuma ta riƙa lura da saurin miƙewar layin, ba tsayinsa kaɗai ba. Ta gwada a akwatunan injuna biyun, da dama da hagu, har da karkata bindigar da gangan. Duk suka zauna.

Ta kai wa Mai Jar Biro zanen. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya goge.

"Kin gyara?"

"Na gyara."

"To a bar shi a haka. Tono maganar nan ni da ke zai taɓa. Shi kuma ya riga ya tafi, me zai ƙara masa?"

"Sunansa."

"Ki yi tunani, muna da abin da ke gabanmu ni da ke."

Ta tattara takardunta. "Ba mu da komai a gabanmu. Ka yafe min da na bar ka kana zuwa, tun farko ya kamata in faɗa maka."

Ta shiga wurin manaja ita kaɗai, ta faɗi komai, har da cewa ba ta buɗe zanen ba a wancan lokacin. Ya yi mata faɗa sosai, sannan ya ce a nemo yaron, teburinsa na jiransa.

Ta nufi gidan su Bahago, wannan karon ba ta tsaya a shagon mai gyaran keke ba. Mama ce ta buɗe ƙofa. Ta rame. Kujerar da ke kusa da taga babu kowa a kai.

Likita ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata gaisuwar rashi, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Mama ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Kin gama?"

"Na gama, Mama."

"Ranar da ya dawo ya ce an kore shi saboda hannunsa, ubansa bai yi masa faɗa ba. Cewa kawai ya yi, 'Ni ban koya maka aikin ganganci ba.' Ya juya fuska ga taga. Daga nan har ya bar duniya suna gaisawa, amma hirar nan tasu ta mutu. Yaron nan shi ya yi jinyarsa, ya ɗaga shi ya kwantar, yana jiran kalma ɗaya, bai samu ba." Ta waiwayi kujerar. "Yanzu kin zo da gaskiya. Wa zan kai wa? Ki faɗa min, wa zan kai wa?"

Likita ta sunkuyar da kai. Hawaye kawai ke ɗiga a bayan hannunta.

Ana haka ya shigo, da tsani a kafaɗa, kayansa duk ƙura. Yanzu wani ɗan'uwansu yake bi suna kafa sola a rufin gidaje. Ya tsaya cak.

"Likita."

Ta bayyana masa a tsakar gida, tana zana layukan da yatsa a kan murfin randa. Ya ce ta sake. Ta sake.

"Kina nufin ko wa aka sa a teburin, haka za ta yi?"

"Ko wa. Ni ma ta yi min."

Ya zauna a bakin tsanin. "Kin san a wurin aikin nan dariya ake min? Duk sukurun da na ɗaura sai na koma na taɓa shi, in sake komawa. Har na fara koyon aiki da dama." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, sai ya kife fuska a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. "Ashe ba ni ba ne. Wayyo Baba, ashe ba ni ba ne."

Ta so ta ce ya yafe mata, sai ta ga kalmar ta yi ƙanƙanta. Ta zauna nesa kaɗan ta bar shi ya yi kukansa.

Bai koma masana'antar ba. Ya ce ba zai iya sake tsayawa a teburin nan ba, ko da zinariya aka shimfiɗa. Ita kuma ba ta matsa ba. Ba ta sa ran komai daga gare shi ba, sai ga saƙonsa wata rana da hantsi:

"Yau na ɗaura farantin sola guda ban koma na taɓa ba. Na ce bari in faɗa wa likitata."

Ta karanta ta sake karantawa. Ta rubuta: "Har yanzu ni ce?"

"Na yi ƙoƙarin canza asibiti, ban samu ba."

"Bahagona, na cuce ka."

"Kin cuce ni, ni ma na cuci kaina da na gudu ban tsaya mun yi magana ba. Ki fito da wuri yau, zan jira ki a tashar bas."

Babanta kuwa ita ta zaunar da shi ta ba shi labari tun daga farko. Ya ture kofin shayinsa gefe.

"Auta, ranar da kika ce min an kori yaron nan, daɗi na ji. Na ce Allah ya raba ni da rigima. Wannan jin daɗin ne yanzu ya tsaya min a rai." Ya miƙe yana neman hularsa. "Kwatanta min gidan."

Ya je ya gai da Mama, ya zauna da Bahago suka daɗe. Da ya dawo Umma ta tambaye shi yadda ta kaya. Ya ce, "Yaron da aka zalunta bai zagi kowa ba ko sau ɗaya a gabana. In ya turo manyansa, na ba shi."

Mama ce ta ƙi. Ta ce ba ta hana shi aure ba, amma ban da wannan. Likita ta ci gaba da zuwa gaishe ta duk ranar hutu. Wani lokaci a amsa mata a taƙaice, wani lokaci a bar ta zaune ita kaɗai a falo. Ba ta fasa ba. Bahago kuma bai yi wa uwarsa gardama ba, sai dai ya daina cin abinci sosai, ya koma shiru irin na bayan korarsa.

Rannan Mama ta same shi zaune ya tasa kwano a gaba. Ta tsaya a kansa.

"Ganin yarinyar nan yana tuna min abin da ba na so. Amma ganinka haka ya fi ƙarfina. Je ka gaya wa kawunka ya shirya."

Aka ɗaura aure ba tare da wani babban taro ba. 'Yan masana'anta sun zo da yawa, har da shugaban layi, wanda ya riƙe hannun ango ya daɗe bai saki ba. Mai Jar Biro bai zo ba, amma ya aiko da gaisuwa. Ango ya yi ta dariya da mutane, sai dai Likita ta lura sau da yawa yakan waiga gefen da dattawa ke zaune, sannan ya sauke kai.

Da la'asar aka kai ta gaban Mama. Ta durƙusa, kanta a ƙasa kamar kullum. Mama ta sallami sauran matan, ɗakin ya rage su uku.

"Ɗago ki kalle ni."

Ta ɗago da ƙyar.

"Ba zan yi miki ƙarya a ranar aurenki ba. Ban manta ba, kuma ban san ko zan manta ba. Amma da kin yi shiru, ba mai sani har abada, ɗana ya mutu yana zargin kansa. Kin zo da ƙafarki kin tsaya a gabana na faɗa miki maganganu, kika sake dawowa." Ta kamo hannunta ta jawo ta kusa. "Daga yau kada ki ƙara sunkuyar min da kai a gidan nan. Ba baƙuwa ba ce ke, 'ya ce. 'Ya kuwa in ta yi laifi a yi mata faɗa, a ba ta abinci."

Likita ta faɗa jikinta tana kuka, Mama na bubbuga bayanta, ita ma tana share nata da gefen mayafi.

"Mama, kun fa jiƙa min amarya," Bahago ya ce.

"Rufe min baki, zo nan ka durƙusa."

Ya durƙusa kusa da matarsa. Mama ta ɗora hannu ɗaya a kansa, ɗaya a kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Ya sa ku riƙa sauraron juna kafin ku saurari mutane. Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya ba ku tsawon ran da za ku faɗa musu duk abin da ya kamata ku faɗa tun kuna da numfashi. Wanda bai ga wannan rana ba kuma, Allah ya kai masa labarinta."

Suka ce amin tare. Mama ta miƙe ta buɗe ƙofa da kanta, ta ce wa matan da ke jira a waje, "Ku shigo ku raka min 'yata ɗakinta."